Yadda Ake Tafiyar da Darussan Lissafi Biyu ko Uku Tare a Aji

Takardar lissafi ta WAEC ba ta zuwa babi-babi. A takarda ta farko akwai tambayoyi 50 na zaɓi da za a amsa cikin awa ɗaya da rabi, kuma tambaya ta bakwai tana iya zama ta riba da faɗuwa, ta takwas ta kusurwa, ta tara ta neman x. Babu kan magana a sama da zai gaya wa yaro dabarar da zai ɗauko. Haka NECO take gwama tambayoyinta, haka ma jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Amma a aji mun saba da wata hanya dabam: mako biyu a kan batu ɗaya, tambayoyi ashirin iri ɗaya, a rufe babin, ba a sake waiwayarsa sai makon bita. Yaro ya ci goma bisa goma ranar Alhamis, bayan wata biyu ya ga tambayar ya rantse ba a taɓa koya masa ita ba.

Laifin ba na ƙwaƙwalwar yaron kaɗai ba ne. Duk tambayar lissafi aiki biyu ne a cikinta. Na farko, ka gane wace irin tambaya ce, wace dabara take nema. Na biyu, ka yi aiki da dabarar har ka kai ga amsa. Idan tambayoyi ashirin duk na babi ɗaya ne, an riga an yi wa yaro aikin farko, tun kafin ya karanta tambayar ya san abin da zai yi. Sai a ɗakin jarrabawa ne zai fara cin karo da aikin da ba a taɓa sa shi ba. Tafiyar da batutuwa tare ita ce hanyar sa shi wannan aiki kullum, tun daga makon farko na zango.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ɗalibin zaure yakan ɗauki karatun fiƙihu da na nahawu da na hadisi a yini guda, kowanne shafi kaɗan, kuma mai hadda ba ya barin tilawar abin da ya wuce don ya ɗauki sabon karatu. A wasu ƙasashe ma haka tsarin boko yake. A Rasha, daga aji na bakwai, wato shekara ta bakwai da shiga makaranta, aljabara (lissafin da ake sa haruffa irin x) da jometiri (lissafin siffofi) darussa ne biyu da ke tafiya cikin mako guda. A ƙasashen da ke karatu da Faransanci, irin su Nijar, littattafan lissafin kwaleji sukan kasu gida biyu, na lambobi da na siffofi. Ga yadda malami ko malama za su tsara abin a ajinsu. Zan ɗauki aji biyu na ƙaramar sakandare a matsayin misali, mai darasin lissafi biyar a mako, kowanne minti 40. Wanda jadawalinsa ya bambanta sai ya daidaita.

Mataki na farko: raba aikin zango zuwa layuka

Ɗauko jadawalin aikin zangon da makaranta ta ba ka, ka shimfiɗa shi a gabanka kafin a dawo hutu. Manhajar da hukumar NERDC ta tsara wa ƙaramar sakandare ta riga ta kasa lissafi gida biyar: lambobi da ƙidaya, ayyukan tushe irin su tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, aljabara, awo da siffofi, sai ƙididdigar yau da kullum. Ba ka bukatar layi biyar. Haɗa na farko da na biyu su zama layin lambobi. Aljabara ta zama layi na biyu. Awo da siffofi su zama na uku. Ƙididdiga ba ta da yawa, ana iya saka ta cikin kowane layi da ya samu sarari.

Yanzu ka rubuta kowane batu na zangon a ƙarƙashin layinsa, ka ƙiyasta darasi nawa zai ci. Idan wannan ne karonka na farko, ka fara da layi biyu kawai. Layi uku na bukatar malamin da ya riƙe biyu na zango guda ya ga yadda abin yake tafiya. Fiye da uku kuwa ban ba kowa shawara ba, domin yawancin layukan za su riƙa samun darasi ɗaya a mako, tazarar ta yi nisa, yara su manta inda aka tsaya kafin a dawo.

Mataki na biyu: gano abin da dole ya riga wani

Nan ne ake yin ɓarna idan aka yi gaggawa. Wasu batutuwan a kan wasu suke tsaye. Yaron da bai iya tara 2/3 da 1/4 ba, ba zai iya warware x/3 + x/4 = 7 ba. Wanda bai san tushen murabba'i ba (kamar yadda 3 take tushen 9), ƙa'idar Fisagoras ta gano tsawon gefen alwatika, wato siffa mai kusurwa uku, za ta tsaya masa a maƙogwaro. Wanda bai san kusurwar da ke zagaye da ɗigo digiri 360 ce ba, ba zai zana ƙididdiga a cikin da'ira ba.

Saboda haka ka ɗauki fensir, ka ja kibiya daga kowane batu zuwa wanda yake dogara da shi, ko da a layi dabam suke. Ƙa'idar ita ce batun da ke ƙasa ya riga na sama da aƙalla mako biyu. Idan ka ga batutuwa biyu kibiya ta haɗa su, kada ka fara su a mako ɗaya. Waɗanda babu kibiya a tsakaninsu, kamar riba da faɗuwa da kuma kusurwoyin alwatika, su ne suka dace a fara tare.

Akwai kuma batutuwa masu kama da juna waɗanda yara ke rikitawa: kewayen fili da girman fili, LCM (mafi ƙanƙantar lambar da lambobi biyu ke shiga cikinta ba saura) da HCF (mafi girman lambar da ke shiga cikin duka biyun ba saura), tara kaso (irin su 2/3 da 1/4) da ninka kaso. Waɗannan kada a gabatar da su a rana ɗaya ko a jere. A koyar da ɗaya, ya zauna, a koyar da ɗayan bayan kwanaki. Bayan an koyar da su duka ne za a riƙa gwama su da gangan, zan zo kan wannan.

Mataki na uku: raba ranakun mako

Ga mai layi biyu, rabon da ya fi sauƙi shi ne uku da biyu. Litinin da Talata da Laraba layin da ya fi nauyi a zangon, Alhamis da Juma'a ɗaya layin. Ga mai layi uku: Litinin da Talata lambobi, Laraba da Alhamis aljabara ko siffofi, Juma'a na ukun. Na fi son kowane layi ya samu kwana biyu a jere a kan a riƙa sauyawa kullum, domin sabon abu yana son a kwana a tashi da shi: yau a koya, gobe a gyara kuskuren aikin gida a ƙara gaba kaɗan.

Rabon ya tsaya yadda yake har tsawon makonni, yara su san cewa ranar Alhamis da rula da ma'aunin kusurwa ake zuwa. A duba kuma yanayin ranakun. Juma'a a makarantu da yawa gajeriyar rana ce. A garin da kasuwarsa ke ci ranar Laraba, rabin aji na iya ɓacewa a ranar. Kada layi guda ya kasance kullum shi ke faɗawa a ranar da ba a cika zuwa ba. Bayan hutun tsakiyar zango sai a juya.

A sa yara su raba littafin rubutu: layi ɗaya daga gaba, ɗayan daga baya, ko kuma littafi biyu ga mai hali. Idan aka cakuɗa bayanan darussa a shafi ɗaya bayan ɗaya, yaro ba zai iya bin zaren kowanne ba ranar da ya zauna bita.

Mataki na huɗu: tsara minti arba'in ɗin

Abin da ya fi muhimmanci a duk wannan tsari shi ne: sabon abu ɗaya tak ake koyarwa a darasi guda. Gwamawar a wajen aikin yi take. Malamin da ya shiga aji ya buɗe sabbin batutuwa uku cikin minti arba'in ya jefa yara cikin ruɗani ne kawai, kuma shi ne ke sa mutane su ce hanyar ba ta aiki.

Minti takwas na farko na waiwaye ne. Kafin yara su gama zama, tambayoyi huɗu suna kan allo: ɗaya daga darasin jiya, ɗaya daga ɗaya layin na wannan mako, ɗaya daga abin da aka yi makonni uku da suka wuce, ɗaya daga zangon baya ko ajin baya. Kowa ya yi shi kaɗai, littafin bayani a rufe. Rufe littafin nan yana da muhimmanci, domin ƙoƙarin tuno abu daga ka shi ne ke kafa shi, kwafe shi daga shafin jiya ba ya yin wannan aiki. Minti biyar na yi, uku na gyara.

Minti ashirin na tsakiya na sabon darasi ne, shi kaɗai. Malami ya yi misali biyu ko uku a allo yana faɗin dalilin kowane taki, sannan yara su yi tambayoyi huɗu ko biyar iri ɗaya da misalin. A wannan gaɓa maimaita iri ɗaya daidai ne, hannu yana bukatar ya saba da dabarar kafin a ɓoye ta cikin wasu.

Minti goma na gaba na aikin gauraye ne, inda sabon abu ya shiga cikin tsofaffi. Minti biyun ƙarshe a ba da aikin gida. Idan lokaci ya ƙure, kamar yadda yakan faru ranar da taron safe ya ci rabin darasin farko, a rage aikin gauraye a mayar da shi aikin gida, amma kada a taɓa minti takwas na waiwaye.

Mataki na biyar: gina aikin gauraye

Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokacin malami, kuma shi ne ke kawo amfanin. Littattafan da muke da su babi-babi aka tsara su, saboda haka da hannunka za ka gwama. Hanya mafi sauƙi: duk lokacin da ka koyar da batu, kada ka ƙarar da tambayoyin da ke ƙarshen babin. Idan ashirin ne, a yi bakwai a ranar, ka sa wa sauran goma sha uku alama da fensir, su ne ajiyarka ta makonni masu zuwa. Tsofaffin takardun jarrabawa ma rumbu ne, don a gauraye suke zuwa.

Ga misalin aikin da za a iya bayarwa a mako na shida, ranar da sabon darasi shi ne riba da faɗuwa:

1. Ɗan kasuwa ya sayi buhun masara ₦40,000 ya sayar ₦46,000. Kashi nawa cikin ɗari ya ci riba?
2. Nemo x idan 3x + 7 = 25.
3. Fili mai tsawon ƙafa 100 da faɗin ƙafa 50 za a zagaye da waya. Waya ƙafa nawa ake bukata?
4. Kusurwoyi biyu na wata alwatika digiri 48 ne da 67. Nawa ce ta ukun?
5. Tela ta sayi keken ɗinki ₦80,000 ta sayar da faɗuwar kashi 10 cikin ɗari. Nawa ta sayar?
6. Tara 2/3 da 1/4.
7. Wancan fili na tambaya ta uku, murabba'in ƙafa nawa ne girmansa?
8. Ninka 2/3 da 1/4.

Amsoshin su ne kashi 15, sai 6, ƙafa 300, digiri 65, ₦72,000, 11/12, murabba'in ƙafa 5,000, da 1/6. Ka lura da yadda aka jera su. Babu tambayoyi biyu a jere da ke neman dabara ɗaya. Sabon darasi ya fito sau biyu, a ta ɗaya da ta biyar, kuma ta biyar ta juyo da shi ta wata fuska. Ba a rubuta kan magana a saman kowace tambaya ba. Sannan an dasa tagwaye da gangan: ta uku da ta bakwai fili ɗaya ne amma tambaya dabam, ta shida da ta takwas lambobi ɗaya ne amma aiki dabam. Yaron da ya ba da 300 a duka biyun, ko ya nemi LCM kafin ya ninka, ya nuna maka daidai inda ciwon yake, abin da tambayoyi ashirin iri ɗaya ba za su taɓa nuna maka ba.

Tagwayen LCM da HCF sun fi kyau idan aka sa su cikin zance. Motoci biyu suna tashi daga tasha, ɗaya duk minti 12, ɗaya duk minti 18, sun tashi tare yanzu, bayan minti nawa za su sake tashi tare? Amsa 36. Igiyoyi biyu, mita 12 da mita 18, za a yanka su guntu-guntu daidai wa daida ba tare da saura ba, mene ne mafi tsawon guntun da za a samu? Amsa mita 6. Lambobin ba su canza ba, sai yaro ya karanta ya yi tunani kafin ya san wanne zai nema.

Akwai wata dabara da nake ganin ta cancanci a ba ta minti biyar sau ɗaya a mako. A rubuta tambayoyi shida a allo, a ce kada kowa ya warware ko ɗaya. Abin da ake so kawai kowane yaro ya rubuta a gefen lambar tambayar: wace irin tambaya ce wannan, kuma mene ne takin farko? Sai malami ya tambaya: "Hauwa, me ya nuna miki ta uku kewaye ake nema?" Ta ce, "Malam, saboda an ce za a zagaye da waya." Wannan amsar ita ce abin da ake nema, kuma sauran yara sun ji yadda ake gane alamar.

Mataki na shida: tambayoyin da ke haɗa layuka

Bayan makonni huɗu ko biyar, layukan sun yi tsawon da za su fara haɗuwa. Nan ne ribar tafiyar da su tare take fitowa fili, don yaro yana da dabarun duka biyun a hannu a lokaci ɗaya. Kusurwoyin wata alwatika x ne, da 2x, da 3x. Sai ya tuno daga layin siffofi cewa jimlarsu digiri 180 ce, ya dawo layin aljabara ya rubuta 6x = 180, ya samu 30. Lambu tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 4, kewayensa mita 48: faɗi 10, tsawo 14, girma murabba'in mita 140. Aji mai ɗalibai 60, 15 daga cikinsu da keke suke zuwa: kashi 25 cikin ɗari ke nan, kuma a zanen da'ira za su ci digiri 90.

Rayuwar yaran cike take da irin waɗannan. Zakkar kuɗi ɗaya bisa arba'in ce, wato kashi biyu da rabi cikin ɗari, ga kaso ga kashi cikin ɗari a tambaya ɗaya. Rabon gado kuwa, da sumuninsa da sudusinsa, lissafin kaso ne tsantsa. Yana da kyau yara su ji cewa Alkhawarizmi, malamin Bagadaza na ƙarni na tara wanda daga littafinsa aljabara ta samo sunanta, a cikin wannan littafi guda ya haɗa warware lissafin abin da ba a sani ba da awon fili da mas'alolin gado. Raba su babi-babi sauƙin tsara littafi ne, a wajen amfani tare suke zuwa.

Irin wannan tambaya ɗaya ko biyu a mako ta isa. Suna da nauyi, kuma idan suka yi yawa masu rauni za su saki alƙalami.

Mataki na bakwai: jadawalin dawowa

Ba za ka iya riƙe a ka wane batu ya daɗe bai fito ba. A bangon ƙarshe na littafin shirin darasinka ka zana jadawali: batutuwa a jere daga sama zuwa ƙasa, makonnin zango daga hagu zuwa dama. Duk ranar da batu ya fito a waiwaye ko aikin gauraye ko aikin gida, ka sa ɗigo a gidansa. Abin da kake so shi ne kowane batu ya dawo bayan kwana biyu da koyar da shi, ya sake dawowa bayan mako guda, sannan bayan makonni uku, daga nan sau ɗaya a wata har ƙarshen shekara. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, sannan ta lafa, shi ya sa dawowar farko take kusa, na baya suke nisa. Ranar Lahadi da yamma kallo ɗaya za ka yi wa jadawalin ka ga layin da ya yi fari fat, daga nan za ka ɗebo tambayoyin mako mai zuwa.

Mataki na takwas: duba aiki a aji mai cunkoso

Malamin da ke da yara tamanin ko ɗari a aji, kuma azuzuwa huɗu, ba zai iya duba littafi ɗaya-ɗaya kullum ba. Ba a kuma bukatar haka. A waiwaye, yara su yi musayar littafi da na kusa da su, malami ya warware a allo, su sa maki. Sai ya tambaya tambaya-tambaya: waɗanda suka ci ta ɗaya su ɗaga hannu, ta biyu, haka har ƙarshe. Jimlar makin yaro ba ta gaya maka komai a nan, abin da kake nema shi ne wace tambaya ce ta kayar da aji. Idan fiye da rabi sun faɗi ta uku, ka sa wa batun jan alama a jadawalinka, ya dawo gobe, kuma ka ware masa minti goma na sake bayani cikin makon. Don kada ɗaga hannu ya zama na kunya ko na ƙarya, ka riƙa karɓar littafi goma kowace rana, daga layin kujeru dabam-dabam, ka duba da kanka.

Rashin injin buga takarda ba ya hana komai. A raba allo gida biyu, gefe ɗaya na tambayoyin waiwaye. Ka ba monita takardar tun jiya ya rubuta su kafin ka shigo, amma ka duba abin da ya rubuta, don alamar ɗebewa ɗaya da ta ɓace tana iya cinye maka minti biyar.

Gwajin wata ma ya bi wannan tsari: rabi daga abin da aka yi a watan, rabi daga duk abin da ya gabata, a gauraye. Idan gwaji ya tsaya kan babin ƙarshe kawai, yara za su gane cewa waiwaye ba shi da maki, su daina ba shi muhimmanci.

Mataki na tara: shirya wa ƙorafi

Makin aikin aji zai sauka a makonnin farko, ka san da wannan tun yanzu. Yara za su ce, "Malam, ka haɗa mana da yawa, da can mun fi ganewa." Gaskiya suka faɗa game da abin da suke ji, aikin ya fi wuya. A wani gwaji da Doug Rohrer da Kelli Taylor suka wallafa a 2007, an koya wa ɗaliban jami'a a Amurka yadda ake lissafin girman cikin wasu siffofi huɗu. Waɗanda suka yi aikin iri-iri a ware sun ci kashi 89 cikin ɗari lokacin koyo, waɗanda aka gwama wa suka ci 60. Da aka gwada su bayan mako guda, na farko suka faɗo zuwa 20, na biyu suka ci 63. A 2020 Rohrer da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon wani gwaji mafi girma, da yara 787 na aji bakwai a azuzuwa 54 a jihar Fulorida. Wata guda bayan kammala aikin aka yi musu jarrabawar ba-zata: masu aikin gauraye suka ci kashi 61, sauran 38. Ka gaya wa yaranka wannan da harshen da za su gane, tun ranar farko, don kada su ɗauka kansu ne ya toshe.

Shugaban sashe da shugaban makaranta ma a sanar da su kafin a fara. Mai duba makarantu idan ya zo, littafin aikin mako zai buɗe ya gwada da jadawalin zango, ya ga mako na uku ya ce kaso amma kai ka rubuta kaso da kusurwa. Ka rubuta sabon jerin a takarda ɗaya, mai nuna cewa duk batutuwan zangon za su kammala kafin makon bita, shugaban sashe ya sa hannu, ka liƙa a farkon littafin. Idan ku biyu ko uku ne ke koyar da rukunan aji ɗaya kuma gwaji ɗaya ake yi musu, dole ku zauna ku daidaita abin da kowa zai kai kafin ranar gwajin.

Mataki na goma: san inda za ka sassauta

Hanyar tana da iyaka, kuma an gwada ta a ƙasar nan. An yi gwaji na tsawon shekara guda a azuzuwa 62 a Najeriya, cikin masu binciken har da Michael Kremer, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Aikin gauraye ya ɗaga maki a gwaje-gwajen da aka riƙa yi jim kaɗan bayan koyo, amma a jarrabawar da ta tattara aikin shekara gaba ɗaya ba a ga wani babban bambanci a matsakaicin aji ba. Alamun da aka gani sun nuna masu rauni sun amfana, na saman aji kuwa ba su samu haka ba. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne kada a ba kowa abu ɗaya har abada. Yaron da ke cin waiwaye duka kullum, a ƙara masa tambaya ta biyar mai haɗa layuka, kada ya zauna yana maimaita abin da ya riga ya iya.

Akwai kuma lokutan da ya kamata a tsayar da ɗaya layin baki ɗaya. Batu mai nauyi da ake fara gani, kamar lambobi masu alamar ɗebewa ko shigowar haruffa cikin lissafi a ajin farko na ƙaramar sakandare, ya cancanci mako guda cur shi kaɗai, waiwaye kawai za a bari yana tafiya. Haka idan ka tarar rabin aji ba su riƙe jadawalin sau ba, ko ba sa iya rabawa mai tsawo. Gwama tambayoyi ga wanda bai iya ko ɗaya daga cikinsu ba ƙarin nauyi ne kawai. Sai ka mayar da ɗaya daga cikin layukanka ya zama na gyaran tushe, kwana biyu a mako, har sai ɗaga hannu ya nuna maka yawancinsu sun tsaya da ƙafafunsu.

Ga yaran da damina ko girbi ko rashin lafiya ke ɗauke wa mako ɗaya ko biyu, ka ajiye littafi guda a aji wanda wani ɗalibi mai kyan rubutu ke kwafe misalan kowane sabon darasi a ciki, kowane layi da sashensa. Wanda ya dawo ya karɓa ya kwafe abin da ya wuce shi, ka zaunar da shi kusa da wanda ya iya, sannan ka sa batutuwan da ya rasa cikin tambayoyin waiwaye na kwana uku masu zuwa, ka riƙa karɓar littafinsa cikin goman da kake dubawa har ka tabbatar ya kamo.